Mililita Ɗari Biyar a Yini

Shekara talatin da huɗu ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar sakandare, kuma a duk tsawon wannan lokaci kwalba uku kacal ya fasa. Ɗalibai suna kiransa Baba Daidai. In ɗalibi ya zuba ruwa a silinda, doguwar kwalbar awon nan mai layi-layi a jiki, sai ya zo ya rage tsawo har idonsa ya yi saiti da saman ruwan, sannan ya ce daidai, ko ya ce sake. Sake ya fi yawa a bakinsa.

Da shara ya fara. Yana ɗan shekara goma sha tara, ya faɗi jarrabawar fita har sau biyu, sai kawunsa da ke tuƙa motar makarantar ya sama masa aikin. Wata malamar kimiyya, doguwa mai yawan tari, ta lura cewa in ya gama shara yakan tsaya yana leƙen layukan jikin kwalabe. Ta kira shi ta nuna masa abu guda. Ruwa a cikin kwalba ba ya kwanciya a shafe: gefensa yana ɗan hawa gilashi, tsakiyarsa tana lotsawa, kuma ƙasan lotsawar ake karantawa. Wanda ya duba daga sama zai ga ƙari, wanda ya duba daga ƙasa zai ga ragi. Ta ce masa lita ɗaya mililita dubu ce, ƙaramin cokali biyar yake ɗauka, kuma duk wanda ya ce masa "kusan" a ɗakin nan to bai auna ba. Bayan shekara biyu aka yi mata canjin wurin aiki. Bai ƙara jin labarinta ba.

Abin da ta bar masa ya fi ƙarfin karatun layi. Ta ba shi wuri guda a duniya inda mai digiri zai iya kuskure, shi kuma da ya faɗi jarrabawa ya zama shi ne a kan daidai. Ya riƙe wurin nan da hannu biyu. Akwai shekarar da wani sabon malami, yaro mai ƙamshin turare, ya haɗa ruwan gwaji yana tsaye ƙiƙam, yana leƙen silindar daga sama. Baba Daidai ya bar kwanon wanke-wankensa ya zo ya durƙusa a gaban ɗalibai arba'in, ya ce, "Malam, ka yi ƙarin huɗu." An kira shi ofis an ja masa kunne. Ya ba da haƙuri, ya fito, kuma ranar har waƙa aka ji yana yi a hankali yana goge tebur.

A gida kuwa ba a san wannan mutumin ba. Matarsa tela ce, mai dariya da ƙarfi, wadda za ta kalli mace sau ɗaya ta ce yadi kaza zai ishe ta, kuma ya ishe ta. Gishiri da ido take zubawa, ruwan girki da ido, sabulun wanki da ido. Tun suna sabon aure ya taɓa cewa da za ta riƙa auna ruwan shinkafa da ba zai riƙa caɓewa ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ranar da ka shigo min kicin da kwalbarka, a cikinta zan riƙa ba ka shayi, sai ka sha da mililita." Bai sake ba. Sun haifi uku. Maza biyun aiki ya kai su nesa, sai macen, wadda yake kira Uwata, ta zama malamar firamare ta zauna a ɗaya gefen garin.

Uwata tana da nata ƙullin da shi, ko da yake ba ta taɓa kiransa ƙulli ba. Tun tana ƙarama in ta kawo masa littafinta, ba makin da aka ba ta yake dubawa ba, layin da ta ja yake dubawa. Ta zo ta ɗaya a aji sau da yawa. Ba ta tuna ranar da ya ce mata daidai.

Da ya yi ritaya, makaranta ta ba shi agogon bango, abokan aikinsa kuma suka naɗe masa wata tsohuwar silinda mai ɗaukar mililita ɗari, wadda bakinta ya ɗan ɓantare aka ce a yar. Ya ɗora ta a saman kabad. Shekara biyu ya yi yana yawo a cikin gidansa kamar baƙon da bai san inda ake zama ba. Ya gyara famfon da ba ya ɗiga. Ya jera zarurrukan matarsa daga fari zuwa baƙi, ta kwashe kwana biyu tana neman ja. In masu ɗinki sun zo sai ta ce ya fita ya sha iska, ya fita ya zauna a kan benci a ƙofar gida yana kallon motoci. Kafaɗunsa suka zubo. Har aske gemu ya fara mantawa.

Sai ƙafafun matarsa suka fara kumbura. Da farko ta ce zaman keke ne. Da takalminta ya ƙi shiga, numfashi kuma ya fara yi mata wuya in ta kwanta, aka je asibiti, aka ce ƙoda ce, duka biyun. Za a riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Likitan, wani mai sanƙo da saurin magana, ya ce injin zai yi nasa, amma rabin aikin a gida yake: jikinta ya daina fitar da ruwa, don haka abin da za ta sha a yini kada ya wuce mililita ɗari biyar, sai a ƙara mata adadin fitsarin da ta yi jiya. In ya wuce, ruwan zai taru a ƙafa, daga nan ya hau huhu. Ya tambaya ko akwai wanda zai iya lura da awon a gida, domin yawancin iyalai da kofi suke ƙiyastawa.

Uwata tana wurin. Ta ga mahaifinta ya gyara zama, ya miƙe bayansa, ya ce akwai.

Ranar ya sauko da silindar daga saman kabad, ya wanke ta sau uku, ya shiga kicin da ita. Matar tana kwance, ba ta da ƙarfin tuna masa alkawarin shayi.

Ya tsara abin kamar yadda ya saba tsara ranar jarrabawar gwaji. Kullum da safe zai auna ɗari biyar a jug mai murfi, ya ƙara na jiya, ya sa a firji. Hamsin-hamsin yake ba ta, a ƙaramin kofin gilashi. Ƙwayoyin safe suna cin talatin, na yamma talatin. Ya sayi sirinji yana zuba sha biyar-sha biyar a gidan ƙanƙara, farantin nan mai ramuka da ake sawa a firji, domin ya gano in ta tsotsi ƙanƙara takan daɗe ba ta nema ba. Shayi ruwa ne, miya ruwa ce, lemon zaƙi ma sai ya matse wani kamarsa ya ga nawa ke ciki kafin ya ba ta ɓari biyu. Bokitin fitsarinta da hannunsa yake ɗauka, ya auna a wata roba daban da ya ja wa layuka, bai taɓa yamutsa fuska ba. A watan farko takan yi ɗari uku. Zuwa wata na shida da ƙyar take kai tamanin, rabonta na yini yana raguwa tare da shi.

In za ta wanke baki sai ya ba ta talatin, ta kuskure, ta tofar a cikin robar awo. Ya ɗaga ya duba. In ya ga ashirin da biyu, to takwas sun wuce ciki, sai ya cire su daga kofi na gaba. Takan ce masa kumfar man goge baki ma ai ya kamata ya ƙirga ta a nata ɓangaren, ya ce ya riga ya yi mata rangwamen kumfa. Ta yi dariya har ta yi tari. A farkon lamarin da gaske abin yana ba ta dariya. Takan ce wa masu zuwa dubiya shekara talatin da bakwai tana korarsa daga kicin, ashe haƙuri yake yi yana jiran ranarsa.

Ƙishirwar ciwon ƙoda ba irin ta mai tafiya a rana ba ce. Harshe yana bushewa ya yi kauri, leɓe ya tsage, mutum ya kwanta yana jin ƙarar famfon maƙwabta. Wata rana ya same ta a banɗaki tana tsotsar tawul ɗin da ta jiƙa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi tawul ɗin a hankali, ya raka ta ɗaki, ya dawo ya kwance kan famfon ya sa a aljihu. Daga ranar, in za ta yi wanka, shi yake kai ruwa a bokiti ya tsaya a bakin ƙofa.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ba wanda zai musa. Ƙafafunta suka saɓe. Ta koma kwanciya da matashi ɗaya. A ɗakin wankin ƙoda, inda ake ɗora kowa a sikeli kafin a jona shi da inji, ita ce ba ta taɓa zuwa da ruwan da ya wuce ƙa'ida ba. Nas-nas suna ɗaukar takardar awonsa suna nuna wa sauran iyalai. Likita ya fara kiransa abokin aikinmu. Uwata ta lura cewa ranakun asibiti mahaifinta yana goge riga tun da asuba, yana soka biro biyu a aljihun gaba, gemunsa a aske tas. Ya yi ƙiba kaɗan. Wata yamma tana wanke kwanuka ta ji shi yana waƙa a hankali a gaban firji, sai wani tunani ya zo mata wanda ta ji kunyarsa: cewa ciwon mahaifiyarta ya karɓi mahaifinta. Ta kori tunanin, amma bai tafi da nisa ba.

A wata na goma zuciyar matar ta fara gazawa. Da an jona ta da inji sai jininta ya sauka, ta suma, a cire. Sau uku a jere haka. Likita ya kira Baba Daidai ofis shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya yi magana a hankali a karon farko. Ya ce injin yanzu cutar da ita yake fiye da amfanin da yake mata, za su dakatar. Abin da ya rage kwanaki ne, ƙila mako biyu. A kai ta gida, a ba ta maganin da zai sauƙaƙa mata, kuma kada a ƙara takura mata da awo. Ta sha abin da ranta yake so, a hankali dai.

Da suka koma gida ya ce wa matarsa likita ya ce a hutar da jikinta na mako biyu kafin a ci gaba. Haka ya faɗa wa Uwata, haka ya faɗa wa 'ya'yansa maza a waya. Washegari da safe ya auna ɗari biyar, ya ƙara arba'in ɗin jiya, ya sa a firji.

Kwana tara aka yi a haka.

Ranar ta tara Uwata ta taso daga makaranta, ta haɗu da ɗaya daga cikin nas-nas ɗin a tashar mota. Nas ɗin ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba, ta yi mata sannu irin wadda ba a yi wa mai jinyar da ake sa ran tashinsa, sannan ta ce ko ba komai dai yanzu Inna tana shan ruwanta son ranta, tun da likita ya ɗage awon. Uwata ta ce e, tana sha. Ta bar motar gidanta ta wuce, ta hau ta gidan iyayenta.

Ta same shi a kicin yana cika gidan ƙanƙara da sirinji. Ta rufe ƙofa ta faɗa masa abin da ta ji. Bai musa ba. Ya gama ramin da yake cikawa tukuna, ya ajiye sirinjin.

Ya ce ruwan in ya yi yawa huhunta zai hau, kuma yanzu babu injin da zai janye shi. Likita ya ce mako biyu, shi yana ganin da awo za a iya kai uku. Ta ce mako uku na me, na tsotsar ƙanƙara? Ya ce, "Uwata, wata goma ina ba ta hamsin. In na shiga yau na miƙa mata kofi cike, me na faɗa mata?"

Wannan maganar ta kusa tsayar da ita, domin gaskiya ce. Amma ta riga ta zo da tata a baki tun daga tasha, ƙila ma tun kafin tasha da shekaru, kuma ba ta iya haɗiye ta ba.

"Baba, Inna kake riƙewa, ko aikinka?"

Ya dube ta. Ya ɗauki silindar, wadda a bushe take, ya shiga goge ta da tsumma. Da ya yi magana, cewa ya yi ta ba shi zuwa gobe, zai san yadda zai yi. Sannan ya ce maganin tashin zuciya ya ƙare, bari ya je kanti. Ya fita bai ɗauki hularsa ba.

Daga baya Uwata ta sha gaya wa kanta cewa tsoro ta ji kada goben ta zo babu mahaifiyarta. Akwai wannan. Amma ta san kuma cewa da ta ji ƙarar ƙofar gida ta rufu, abin da ya fara zuwa mata wani daɗi ne mai zafi, na wanda a karon farko ya kama malaminsa da kuskure. Ta ɗauko babban kofin da ake ba baƙi ruwa, ta cika shi daga famfon kicin har yana zuba a yatsunta, ta jefa ƙanƙara uku.

Mahaifiyar tana jingine da matasai, keken ɗinkinta a gefe an lulluɓe shi da zani. Ta kalli kofin, ta kalli ƙofa.

"Ke, so kike ki ja mana? Ina babanku?"

Uwata ta ce ya je kanti. Mahaifiyar ta ce to ta mayar da sauri kafin ya dawo, mutumin da ke ƙirga kumfa ai zai ji ƙamshin ruwa a ɗaki. Tana faɗa tana murmushi, amma idonta bai bar kofin ba. Uwata ta zauna a bakin gado ta ce ba komai, ta sha, likita ne da kansa ya ce a daina awo, ta sha duk yadda take so.

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Murmushin bai ɓace nan take ba, a hankali ya sauka. Mahaifiyar ta ɗauke ido daga kofin ta mayar kan keken ɗinkin, ta daɗe a haka.

"Tun yaushe ya faɗa?"

"Kwana tara."

"Babanku ya sani."

Mahaifiyar ta miƙo hannu biyu ta karɓi kofin. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa. A na uku ta yamutsa fuska ta ce ruwan ɗanɗanon ƙarfe yake yi, kamar an wanke tsabar ƙusa a ciki. Uwata ta ce bari ta canza kofi. Ta ce ba kofin ba ne, bakinta ne, kwana biyu ke nan komai haka yake mata, ƙanƙarar ma don kada ransa ya ɓaci take karɓa. Ta ce da makon jiya ne, da har kofin za ta cinye.

Suna haka ya shigo da ledar magani. Ya tsaya a bakin ƙofa. Kofin yana hannun matarsa, bai ko kai rabi ba.

Ta riga kowa magana. Ta ce, "Malam, ni na sa ta. Kar ka yi mata faɗa." Sannan ta buga gefen katifa ta ce ya zo ya zauna, ya bar tsayuwa kamar mai jiran a sallame shi. Ya zo ya zauna. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai ba da wani bayani ba. Ta ce masa akwai rigar wata mata a ƙasan kwandon yadi, saura hannu ɗaya, a kai wa telan bakin titi ya ƙarasa, kada matar ta zo ta ji kunyar tambaya. Ta ce a kira yaran su taho. Uwata ta tashi ta fita, ta tsaya a kicin ba ta san me ta shigo yi ba.

Kwana uku mahaifiyar ta ƙara. A cikinsu ya ajiye mata ruwa a kowane gefe, a kofi, a jug, a kwalba mai sanyi, har lemon da ya yi wata goma yana ba ta ɓari biyu kacal ya matse mata jug guda. Takan jiƙa leɓe don ta faranta masa, ta mayar. Ranar ta uku da hantsi ta cika, 'ya'yanta uku suna ɗakin.

Baba Daidai yana nan da ransa, a gidan, shi kaɗai. Uwata tana zuwa ranar Asabar ta yi masa wanki da girkin mako. Ba su taɓa komawa kan maganar kicin ba. Ita ba ta nemi gafarar tambayar da ta yi masa ba, domin har yanzu ba ta tabbata ƙarya ta faɗa ba, shi kuma bai taɓa ce mata da ta jira goben ba. Tana yawan tunanin cewa mahaifiyarta ta yi kwana tara tana jin ƙishirwa amma tana sa ran komawa asibiti, sannan ta yi kwana uku da ruwa a ko'ina ba ta sa ran komai, kuma ita ce ta yi mata wannan canjin ba tare da ta tambaye ta wanne take so ba.

Sau ɗaya kawai ya taɓo zancen, bayan kusan shekara. Tana shanya, yana zaune a kan benci da ya shigo da shi tsakar gida. Ba tare da ya dube ta ba ya ce ranar da likita ya kira shi ofis, a hanyarsu ta dawowa, sun tsaya a danja kusa da wani mai sayar da ruwan sanyi, mahaifiyarta ta bi robar da ido har motar ta tashi. Ya ce a lokacin bakinta bai lalace ba tukuna, da ta ji daɗinsa.

Uwata ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu tana jiran ya ƙara wani abu. Ya ce ta matsar da shanyar gefe, inuwa ta kusa zuwa wurin.